Wane PSP za ka ɗauko?

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya sanyin Ingila, ya uwargida da yara? Mu nan Kano zafi ya sa mu a gaba, wuta kuwa sai a hankali.

Saƙonka ya same ni a shago, na karanta ina ta dariya ni kaɗai. Wai PSP, na'urar wasan hannu ta Sony, za ka saya wa babban yaronka, ka ga iri-iri a wurin masu kayan hannu ka rasa na ɗauka. Ni fa na san ka. Yaron hujja ce kawai, kai ne ƙaiƙayin ƙwallon PES ya taso maka. Ba laifi, ga abin da na sani.

Bari in fara da wanda za a fi tura maka, tunda a Turai Sony ta sayar da shi: E1000 na 2011, wanda suke ce wa Street. Araharsa za ta ja ka, amma ko kallonsa kada ka yi. An cire masa Wi-Fi, lasifikarsa ma ɗaya ce. Ba Wi-Fi kuwa ba haɗa guda biyu a kara. Ka tuna zaman da muke yi a soron gidanku bayan isha'i, kowa da tasa a hannu, kana cin ƙwallo kana ihu har Baba ya leƙo? To, da wannan babu shi.

PSP Go na 2009 ya fi duka kyau a ido, fuskarsa ake turawa sama maɓallai su fito, ga gigabait 16 a cikinsa. Sai dai ba ya cin faifan UMD, wato ɗan faifan da wasannin PSP ke zuwa a kai, alhali faifan ne za ka samu a can kamar kyauta, kuma Sony ta daɗe da rufe shagon sayen wasa na cikin na'urar. Wayar cajinsa ma ta daban ce. Ranar da yaro ya yar da ita, ka shiga uku.

Saura uku ke nan, a nan hira take. Na farkon, 1000, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 2004, shi ne irin nawa. Ƙato ne, giram 280, ya cika hannu, batirinsa 1800 mAh. Har gobe ina son riƙonsa. Amma gaskiya ɗaya ce: in wasa ya yi gudu hoton yana jan jela, faifan kuma sai ya yi ta ƙugi a baya kafin wasa ya buɗe, har ka sha shayi. Na 2007, wato 2000, an rage masa ƙiba zuwa giram 189, aka ninka ƙwaƙwalwarsa daga megabait 32 zuwa 64, wasa ya fi saurin tashi, kuma ana jona shi da talabijin. Sai 3000 na 2008, ya zo da duk wannan, ga makirfo, ga allo mai haske da launi. Wasu suna ƙorafin siraran layuka a allonsa idan hoto yana motsi. Ni sai da aka nuna mini na gan su, amma kai mai tsantseni ne, ka kunna ka gani da idonka.

Da ni ne, 3000 mai tsabta zan ɗauka, in ban samu ba 2000.

Kowanne ka zaɓa, buɗe murfin baya kafin ka miƙa kuɗi. Bara na ciro nawa daga akwati bayan shekaru, na tarar batirin ya kumbura kamar fanke, har ya ture murfin, ƙugiyar ta karye. Yanzu da salatif nake ɗaure shi. Ka murza ɗan maɓallin zagayen nan na hagu ma, ka ga ko ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai. Katin ajiya na Memory Stick kuwa kada ka wahalar da kanka, akwai ɗan gidan da ake zura microSD a ciki, yana aiki lafiya lau.

In za ka zo da babbar sallah, don Allah ka taho mini da batirin 1000 da murfinsa. Ka kuma fara atisaye tun yanzu, don ban yafe cin da ka yi mini na ƙarshe ba.

A gaida uwargida, a shafa mini kan yara.

Naka amini