Wasiƙar godiya ga mai shagon kayan waya na kusa da tashar Ringim

Assalamu alaikum, Alhaji, da kai da yaran shagonka.

Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin abin da kuka yi mini ranar kasuwar da ta wuce ya fi ƙarfin "na gode" ta bakin ƙofa. Ban ambaci sunanka ba saboda ban nemi izini ba, amma mutanen Ringim za su gane shagon.

Ni tsohon malamin firamare ne, ina zaune a ƙauye. Tun da idona ya fara rauni, kunne ya zama abokin hirata. Bayan sallar isha'i nakan shimfiɗa tabarma in saurari ƙira'a, wani lokaci kuma tsofaffin waƙoƙin kukuma da kalangu. Ɗana da ke aiki a Kano ya kawo mini hedifon babba mai rufe kunne, ya haɗa mini da tsohuwar wayarsa Samsung. Sai ga shi wayar ba ta da ramin sa hedifon, kafar caji kaɗai gare ta. Na sayi ɗan kebul na haɗi a wurin wani mai tebur, na jona, shiru kake ji. Wani ya ce sai na sayi na'ura ta musamman da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, in ba haka ba ɓata lokaci nake. Na sayar da buhun riɗi, na ƙulle kuɗin, da niyyar in ban samu a wurinku ba in wuce kasuwar waya ta Farm Centre a Kano.

Da ka so, Alhaji, da ka karɓe kuɗin nan duka, ni kuwa in tafi ina murna. Maimakon haka ka ce in miƙo kwalin hedifon ɗin. Ka sa yatsa a kan wata lamba, ka ce: "Baba, wannan ohm 32 ne, wato ba ya buƙatar ƙarfin wuta sosai, na waya ma ya ishe shi. Masu ohm 250 ko 300 su ne ke neman amfilifaya. Ajiye kuɗinka."

Daga nan ka yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Abin da ke cikin waya lambobi ne zalla, kunne kuwa ba ya jin lamba, dole sai wani ɗan ƙaramin inji da ake kira DAC ya juya su zuwa sauti. Kebul ɗin da na saya a tebur waya ce kawai a ciki, babu injin, shi ya sa wayata ta ƙi shi. Ka ɗauko wani mai DAC, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, ka jona a gabana. Muryar mai karatu ta fito tas, har numfashin da yake ja tsakanin aya da aya na ji. Na daɗe ban ce komai ba. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na zo da shi ba.

Yaronka, wannan dogon mai hular zanna, shi ya gano sauran matsalar. Ya duba memorina ya ce yawancin abin da aka tura mini MP3 ne mai 128 kbps, wato ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa, wasu ma sun bi ta hannu da hannu har sun dushe. Ya kunna mini karatu ɗaya a 128, ya sake kunna shi a 320, ya bar ni na zaɓa da kunnena. Ya faɗa mini faifan CD na asali 1,411 kbps ne, kuma wani nau'in fayil ɗin sauti da ake kira FLAC na riƙe ingancinsa gaba ɗaya, sai dai yana cin wuri. Abin da ya fi burge ni, ya gargaɗe ni kada wani ya ruɗe ni da cewa zai mayar mini da tsohon MP3 zuwa FLAC ya gyaru, domin abin da aka riga aka yanke ba ya dawowa. A 320, awa ɗaya na cin kusan MB 144, wato memori mai GB 64 zai ɗauki sama da awa 400. A ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ya fi mini dogaro da intanet. Ya kuma gwada memorin a kwamfuta kafin ya ba ni, saboda jabu sun yi yawa.

  Yanzu da rana nake caji a solar maƙwabcina, da dare in cire.

Ragowar kuɗin riɗin na sayi taki da shi. Jiya limaminmu ya ari hedifon ɗin, bai dawo da shi ba sai bayan sallar asuba, kuma ya ce in sanar da kai yana nan tafe ranar kasuwa da tasa wayar.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya zuri'a, ya saka wa yaran nan da alheri.

Naka,
Tsohon malami, daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.