Nazarin gine-ginen Musulunci: a fara da namu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili mu ja hankalin ɗalibanmu na Marwa, Garwa da Ngaundere zuwa fannin nazarin zane-zane da gine-ginen Musulunci. Da yawa suna zaton sai an je Masar ko Turkiyya. Alhali ga fadar Lamiɗon Rey Bouba, ga kufan Wara kusa da Abeche a Chadi, inda fadar sarakunan Wadai da masallacinta na jan bulo suke tsaye tun da aka bar garin saboda ƙarancin ruwa.

Hanyar a sarari take: digirin farko shekara 3 a tarihi ko zanen gini, na biyu shekara 2, sannan digirin digirgir aƙalla shekara 3, wanda sai da shi ake samun gindin zama a koyarwar jami'a. Guraben aikin kaɗan ne, gara ɗalibi ya sani tun yanzu. Larabci wajibi ne, haka Fillanci da karatun ajami.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne awo. Ɗakin ƙasa ba ya zama murabba'i cif, don haka wanda ya auna tsawo da faɗi kawai ya zana ƙarya. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa, a auna kaurin bango a gindi da kuma sama, domin ginin tubali yana sirancewa yana hawa. A zana a ma'aunin 1:50, wato santimita 1 a takarda a madadin santimita 50 na ginin. A ƙirga azara, a duba inda gara ta ci, a bi indararo a ga inda yake zubar da ruwa. Ƙarshen damina ya fi dacewa, lokacin ɓarnar ruwa tana bayyane. Kafin a ɗaga kyamara kuwa, a nemi izinin fada da na liman.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yaɓen siminti a kan bangon ƙasa. Simintin yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana yaɓen ya zube gaba ɗaya da adon da ke ƙarƙashinsa. Tsofaffin magina sun san haɗin makuba da ke kore ruwa, sun san ɗaurin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke rufin soro, kuma suna ƙarewa. Muna roƙon jami'o'inmu su sa kowane ɗalibin digiri na biyu ya yi rani guda a hannun magini, ya rubuta haɗin da awonsa, da sunan da maginin ke kiran kowane abu.

Wassalam.

Wasu malaman tarihi,
Marwa, Kamaru