Zuwa ga Alhajin da ya tambaya ko bidiyo zai raba malamai da aji

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya tare da iyali.

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya, ka bugo waya ana dab da rufewa, lokaci ya ƙure ban amsa maka ba. Tambayarka ita ce: idan jami'o'inmu suka gina ɗakunan ɗaukar bidiyo, malamai suka naɗe laccocinsu, me zai sa ka ci gaba da ba 'yarka kuɗin Adaidaita daga Hotoro zuwa makaranta kullum? Ka kuma ƙara da cewa kana zargin dabara ce kawai ta malamai, su tura wa yara bidiyo su tafi neman kuɗi wani wuri.

Ka ci gaba da ba ta kuɗin motar, Alhaji. Zarginka kuwa ba a banza ka yi shi ba, zan zo kansa.

Ni kimiyyar sinadarai nake koya wa 'yan aji ɗaya. Akwai gwajin da kowane ɗalibi sai ya iya shi: ana ɗiga sinadari daga wani dogon bututun gilashi zuwa cikin kwalba, ɗigo bayan ɗigo, hannun hagu na riƙe da famfon bututun, na dama na kaɗa kwalbar. Ruwan yana nan garau, sai ɗigo ɗaya tak ya mayar da shi ruwan hoda. A wannan ɗigon ake tsayawa a karanta ma'auni, kuma dole ido ya daidaita da saman ruwan, in ba haka ba lissafi ya ɓaci. To ka ɗauka ina nuna wannan a gaban zauren da ɗalibai suka cika maƙil, wasu a tsaye a bakin taga. 'Yan layin gaba ne suke gani. Na baya rubutawa suke yi cewa launi ya sauya, saboda sun ji na faɗa. Idan aka kawo kyamara kusa da hannuna, 'yarka za ta ga yadda yatsa yake murɗa famfon, ta tsayar, ta koma baya, ta sake kallo har ya zauna mata. Ran da ta shigo ɗakin gwaji ba sai na fara daga sunan kayan aiki ba. Irin wannan ne aikin bidiyo: abin da sai an gani kusa, da abin da sai an maimaita. Haka yake ga mai koyon ɗinkin rauni, da mai koyon haɗa wayoyin lantarki, da mai koyon furucin Larabci.

Abin da kyamara ba ta yi shi ne kallon fuskar ɗalibi. Idan na yi bayani na ga aji ya yi tsit irin na waɗanda ba su gane ba, nakan sauya misali, wani lokaci in juya zuwa Hausa na minti biyu sannan in dawo Turanci. Bidiyo haka zai yi ta tafiya ko an fahimta ko ba a fahimta ba. Shi ya sa ko Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002 domin karatu daga nesa, take da cibiyoyin karatu a jihohi, har da nan Kano, inda ɗalibai suke zuwa.

Inda na fi damuwa kuwa ba inda ka damu ba ne. Mu a ƙasar nan muna son gini. Da zarar an ce sutudiyo, hankali sai ya tafi ga kwangila: koren kyalle a bango, fitilu, kyamarori masu tsada, ranar yanke zare. Bayan wata shida ka tarar da ɗakin a kulle, makullin na hannun mutum ɗaya, shi kuma ya tafi hutu. Alhali a 2014 wasu masu bincike a Amurka sun duba yadda aka kalli bidiyoyin dandalin karatu ta intanet mai suna edX, kallo kusan miliyan 6.9, suka gano cewa yawancin ɗalibai ba sa wuce kimanin minti shida suna kallo, komai tsawon bidiyon. Sun kuma ga cewa malami yana magana a sake yana rubutu da hannunsa yakan fi riƙe ɗalibi a kan wanda aka ɗauka a ƙayataccen sutudiyo. Salman Khan, ba jarumin fim ɗin Indiya ba, malamin nan ɗan Amurka da ya kafa dandalin darussa ta intanet mai suna Khan Academy, da 'yar'uwarsa ya fara yana koya mata lissafi a 2004, ya soma ɗora darussa a YouTube a 2006, fuskarsa ma ba a gani, sai baƙin allo da muryarsa. Saboda haka malamin da ya shiga sutudiyo ya karanta laccar awa biyu daga takarda bai yi komai ba, ya dai ɓata wutar janareto.

Abin da ake bukata ƙaramin ɗaki ne da ƙarar janareto da hon ɗin titi ba sa shiga, da makirfo mai kyau, domin ɗalibi yana haƙuri da hoto mai dushi-dushi amma ba ya haƙuri da murya mai kuwwa. Sai kuma mai tacewa, wanda zai yanke tarin surutu ya bar minti shida masu amfani. Nan ne kuɗin ya kamata ya tafi, albashin mutum ba siminti ba. Kuma ba sai an je Legas nemansu ba. Ka bi ta titin Gidan Zoo ka ga matasan da Kannywood ta horar, waɗanda suka shekara da shekaru suna ɗaukar hoto da gyaran sauti. Jami'ar Bayero kuma tana da Tsangayar Sadarwa da gidan rediyonta, BUK FM, ga ɗaliban da suke neman inda za su gwada hannunsu.

Sai maganar da ta shafi aljihunka kai tsaye. A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Bidiyo mai kaifi na awa guda yana iya cinye kusan gigabait ɗaya. Idan kwas takwas kowanne ya ce a je intanet a kalla, kuɗin datar zai fi kuɗin Adaidaitan da kake kuka da shi. Maganin wannan 'yan turin fim na Farm Centre sun daɗe da saninsa: a rage nauyin fayil, a tura a waya ko a memori. Wakilin aji ya karɓa sau ɗaya, sauran su tura wa juna ta Xender ba tare da an kashe ko sisi ba. A kuma fitar da sautin kaɗai ga mai ƙaramar waya. Sharaɗin dai kada a sayar. Mun ga yadda sayar da handawut, wato takardun darasi da malami yake shiryawa, ya zama wa ɗalibai ƙarfen ƙafa, ba ma son ya dawo da sabuwar riga.

Yanzu ga zarginka. Eh, akwai malamin da zai fake da bidiyo ya daina zuwa aji, kamar yadda akwai wanda yake fakewa da handawut tun kafin a san bidiyo. Mu ma malamai muna da namu tsoron. Bayan rufe makarantu na korona a 2020, da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, wasu abokan aikina suna tambaya ko wata rana za a ɗauko laccocin da suka naɗa a ce ai ga karatu nan, ba a bukatarsu. Dukkan tsoron biyu takarda ɗaya ce take maganinsu, kuma majalisar malaman jami'a ce ya kamata ta rubuta ta kafin a sayi kyamara ko ɗaya: sa'o'in aji suna nan yadda suke a jadawali, bidiyo ana kallonsa kafin a shigo, sannan a fayyace wane ne mai shi da inda aka yarda a yi amfani da shi.

Kai kuma, Alhaji, idan 'yarka ta dawo gida ka tambaye ta me aka yi a aji bayan sun kalli bidiyon. Idan ta ce an warware tambayoyi, an sa su sun yi da hannunsu, kuɗinka bai tafi a banza ba. Idan ta ce malam ya turo a WhatsApp kuma ba su sake ganinsa ba, ta haɗa kai da wakilin ajinsu su kai wa shugaban sashe a rubuce. Kai ma kana da damar zuwa da kanka, ofishin ba a hana iyaye shiga.

Allah ya ƙara girma, ya ba ta sa'ar karatu.

Wassalam,
Malamin kimiyyar sinadarai a wata jami'a a Kano