Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa, Jamhuriyar Nijar

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ina roƙon Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Ni malamin makaranta ne a ƙasar Adar, kuma maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta watannin nan tsakanin shuka da girbi, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya zama fanko, hatsin gona bai nuna ba, kuɗin tiya kuma ya hau. Matasa sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya, an bar mata da tsofaffi da yara. Na ga uwa ta dama fura da ruwa zalla, ta tsinka ta sosai don ta isa kowa, sannan ta ce wa yaran ita ta riga ta sha. A irin wannan lokaci talaka yake gane ko yana da shugaba.

Abu na farko da muke nema gare ka shi ne manufa guda wadda kowa zai iya faɗin ta a bakin kasuwa. A ganina manufar nan ita ce raya ƙasar noma. Jiharmu ta taɓa nuna abin da za ta iya. Aikin Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya ya mayar da faƙo gona, kuma mata ne suka yi yawancin aikin, suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa don tare ruwa, domin maza ba sa gida. Manoman Illela sun rungumi tassa, ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama, har ƙasar da aka yafe ta koma ba da hatsi. Layukan dogonyaro na kwarin Maggiya, da aka soma dasawa tun shekarun 1970, sun kare gonaki daga iska. Albasar Galmi kuwa ta kai sunanmu har bakin teku, amma mai noma ta yakan sayar da ita da araha a lokacin cira saboda ba shi da wurin ajiya mai kyau. Mutanenmu ba ragwaye ba ne, ranka ya daɗe. Jagora suke so wanda zai tsaya kan aiki ɗaya har ya kai ƙarshe, ko da wani ne ya fara shi.

Sai tausayi, kuma tausayi ba ya samuwa a cikin rahoto. Dattawa har yau suna ba da labarin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974 bayan babban fari, yadda yake faɗowa ma'aikata ba sanarwa. An san mulkinsa da tsanani, ban ce a kwaikwayi komai nasa ba, amma zuwan bazata ɗin nan abin koyi ne. Ziyarar da aka share hanya, aka kafa rumfa, aka jera yara suna tafi, ba ta nuna maka komai sai abin da aka shirya ka gani.

Mu duka mun san hadisin da ya ce kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. A shekara ta 18 bayan hijira, da fari ya auka wa Madina, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa nama da man shanu har jama'a su samu, ya kuma rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci. Tsoron Allah irin wannan muke roƙo ya bayyana a wajen rabon cimaka, ba a jawabin ranar Salla kaɗai ba.

Don haka ga roƙona. In an kawo hatsin rahusa bana, a lissafa wa kowane gari buhunansa a gidan rediyo, da Hausa da Tamajak da Fillanci, a sa mata cikin masu sa ido. Kai kuma ka zaɓi rana, ka ɗauki mota guda, ka bi ta Buza ko Bagaruwa ba tare da an sanar ba, ka nemi a buɗe maka rumbu ka leƙa.

Wassalam,
Ɗan'uwanka, wani malamin makaranta daga Adar.