Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamar Da Ta Tambaye Ni Kan Gidan Tarihin Jami'a

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A taron ƙara wa juna sani da aka yi nan Jos, kin miƙe kin tambaye ni cewa in aka damƙa mini gidan adana kayan tarihi na jami'a, aka ce in tsara masa manufofin shekara biyar, da me zan fara? Lokaci ya ƙure a ranar. Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, ga amsata a fili.

Da rajista zan fara, Malama. Na san hukumomin jami'a sun fi son jin zancen sabon gini, amma ni shekara biyun farko a sito zan ƙare su. Kowace tukunya, kowane gatari, kowace takardar ajami sai ta sami lambarta da hotonta da awonta, a rubuta inda aka samo ta, da wanda ya kawo ta, da sunan da masu ita ke kiran ta da shi a harshensu. Sannan a ajiye kwafin rajistar a wani gini daban, a kuma ɗora shi a intanet.

Dalilina ba boyayye ba ne. A 1987 ɓarayi sun shiga Gidan Tarihi na Ƙasa da ke nan Jos suka kwashe kaya masu daraja. Duk abin da aka sace, in ya ɓulla a kasuwar Turai, hoto da lamba za a fara nema a wurinki, in babu su kuwa ba ki da bakin magana. Ga kuma wuta. Mun ga yadda gobara ta cinye ɗakin karatu na Jami'ar Jos a 2016. A 2018 ta laƙume babban gidan tarihin Brazil, wanda shi ma a hannun jami'a yake, da kaya kusan miliyan 20 a ciki. Saboda haka gyaran wayar lantarki, da toshe yoyon rufi kafin damina, da yaƙi da gara da laima, duk suna cikin wannan aikin na farko.

Wani zai ce ai abin da ke hannu shi ne dukiya, rubutu ƙari ne. To a dubi Nok, ƙauyen nan na kudancin Kaduna da tsoffin mutum-mutumin yumɓu suka samo sunansu daga gare shi. A wajen haƙar kuza aka fara tono mutum-mutumin a 1928, ba wanda ya san ko na su wane ne. Kan mutum-mutumin da aka kai wa Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, a 1943, a gona aka kafa shi yana korar tsuntsaye. Sai da aka yi tono a tsanake a wurare irin su Taruga, ana rubuta abin da ke kusa da me, sannan aka tabbatar mutanen nan sun narka ƙarfe fiye da shekara 2000 da suka wuce. Wanda dillali ya sa aka tono da dare, ko ya fi kowanne kyau, an riga an raba shi da labarinsa. Shi ya sa zan rubuta a manufa ƙarara cewa gidan ba zai saya ba, ba kuma zai karɓi kyautar abin da ba a san asalinsa ba. Tun shekarar 2000 kayan Nok ke cikin jerin waɗanda ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta gargaɗi kowa kada ya saya. Jami'ar da ta saya ta zama abokiyar ɓarawo.

Bayan wannan sai koyarwa, don ita ce ta bambanta mu da sauran. Abin yana ci mini rai in ga ɗalibi ya gama digiri a tarihi bai taɓa riƙe tsingaron tukunya a hannunsa ba. Ina so ɗan kimiyya ya gwada yumɓun, ɗan sashen Larabci da na Hausa su zauna kan takardun. Ba sai mun kwaikwayi Gidan Tarihi na Ƙasa da Fagg ya buɗe a 1952 ba. Yana nan kusa da mu, da gine-ginen gargajiyarsa irin kwaikwayon ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, da makarantar horar da ma'aikatan gidan tarihi. Yarjejeniya a rubuce da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ishe mu, dama a wurinta ake neman izinin tono.

Akwai kuma masu kayan. Mun yi murna a 2021 da Jami'ar Aberdeen da ke Birtaniya ta dawo da kan tagulla na masarautar Benin da aka wawashe a 1897. Tambayar da muka yi wa Turawa, Berom da Afizere da Anaguta da Ngas suna da ikon yi mana ita: yaya aka yi kayan kakanninmu suka zo hannunku? A gayyato dattawansu su shiga sito su gani. Abin da suka ce na ibada ne, ba a baje shi gaban kowa, a sauke shi daga kanta. Wanda aka raba su da shi ba da yardarsu ba, a zauna a yi maganar mayarwa.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai gidan ya sami kasonsa a kasafin kuɗin jami'a kowace shekara, da ma'aikaci na dindindin mai kula da lafiyar kayan. Ke kina zama a majalisar malamai, ni ba na zama. Ina roƙon ki ki kai maganar kason nan can kafin a rufe kasafin baɗi.

Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Naki,
Tsohon ma'aikacin gidan tarihi, Jos