Mai Gona da Mai Takarda: Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Falasɗinu

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan karatunka, kamar yadda muke lafiya a nan gida, sai godiya ga Allah. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne maganar da muka fara a waya daren Juma'a, kati ya ƙare ba mu kai ƙarshenta ba. Ka ce ƙungiyarku ta ɗalibai ta ɗora maka nauyin yin jawabi a kan Falasɗinu, ƙanwarka kuma ta nuna mini wasu abubuwan da ka rubuta a Facebook. Na yi farin ciki da zuciyarka take motsawa idan ka ga an zalunci wani, amma da na tambaye ka wa ke mulkin ƙasar kafin a kafa Isra'ila, sai na ji kana kame-kame. Wanda zai tsaya gaban jama'a a kan al'amarin da aka fi shekara ɗari ana zubar da jini saboda shi, bai kamata ya je da zafin rai kaɗai ba.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, domin da shi nake auna wannan rikici. Ina ɗan shekara goma wani mutum ya zo ƙauyenmu a mota, riƙe da takarda mai hatimi, ya ce gonar fadamar da kakanka yake nomawa tasa ce, ya saye ta daga hannun wani babban mutum da ke zaune a birni, wanda bai taɓa taka kunyar gonar ba. Kakanka ya tsaya bakin gona da fartanya a kafaɗa yana nuna tsamiyar da mahaifinsa ya dasa da rijiyar da suka haƙa tare, baƙon kuwa yana nuna takarda. Mai sayen bai yi sata ba, lakadan ya biya. Kakanka ma bai yi ƙarya ba. Aka je gaban shari'a takarda ta ci, kuma har ya koma ga Allah bai sake bin hanyar fadamar nan ba.

To, kusan haka abin ya somo a Falasɗinu. Shekara ɗari huɗu ƙasar ta yi a hannun Daular Usmaniyya, wato ta Turkawa, kada ka haɗa ta da ta Shehu a Sakkwato. A 1858 Turkawa suka yi dokar cewa kowa ya yi rajistar gonarsa. Manoma da yawa suka ƙi sa sunayensu don tsoron haraji da ɗebar 'ya'yansu aikin soja, sai filayen ƙauyuka sukutum suka shiga littafi da sunan attajirai mazauna Beirut da Dimashƙa da Ƙudus. Manomi ya ci gaba da noma yana ganin babu abin da ya canza. Da ƙungiyoyin Yahudawa suka zo da kuɗi suna neman fili, wurin masu takarda suka nufa. Bayan 1920 iyalan Sursock na Beirut suka sayar da babban yanki na kwarin Marj ibn Amir, ɗaya daga cikin wurare mafi albarkar noma a ƙasar, aka tashi ƙauyukan da ke ciki, domin sababbin masu filin sun ƙudurta cewa Bayahude ne zai noma ƙasar Bayahude.

Dole kuma ka san abin da ya taso da masu sayen, don ruwa ba ya tsami banza. Alaƙar Bani Isra'ila da wannan ƙasa tsohuwa ce, kai da ka yi haddar Suratul Ma'ida ka san haka, kuma ko a zamanin Turkawa akwai Yahudawa 'yan ƙalilan da ke zaune a Ƙudus da Al-Khalil da Safad da Tabariyya. Amma galibinsu a Turai suke, inda aka daɗe ana ƙyamarsu. Daga 1881 aka riƙa far wa unguwanninsu a daular Rasha ana kisa da ƙone-ƙone. A 1897 wani ɗan jarida, Theodor Herzl, ya tara su a birnin Basel na Suwizalan, suka tsayar da shawarar cewa ba za su tsira ba sai sun sami ƙasa tasu. Wannan ita ce aƙidar Sahayoniyanci. Da Hitler ya hau mulki a 1933, ƙaura ta zama ambaliya, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. Duk wanda ya ce maka hakan bai faru ba, ka bar sauraronsa. Abin da ni nake cewa shi ne, a Turai aka yi ta'asar, ƙasashen Yamma suka tsuke ƙofofinsu ga waɗanda ke gudu, aka zo aka ɗora biyan bashin a kan manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda ya ƙulla ƙullin kuwa ba baƙonmu ba ne. Ingilar da sojojinta suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ita ce ta ƙwace Ƙudus daga Turkawa a Disambar 1917. Tun ana cikin yaƙin ta yi alkawari kashi uku a kan yanki ɗaya: ta kwaɗaita wa Sharif Husaini na Makka 'yancin Larabawa, ta yi rabon asiri da Faransa a yarjejeniyar Sykes-Picot ta 1916, sannan ranar 2 ga Nuwamba 1917 sakataren harkokin wajenta Arthur Balfour ya rubuta wa Lord Rothschild, wani jigon Yahudawan Ingila, gajeriyar wasiƙa cewa gwamnatinsa tana goyon bayan a kafa wa Yahudawa gida na ƙasa a Falasɗinu. Mutanen da suka kai kusan tara cikin goma na mazauna ƙasar, wasiƙar ba ta ko ambaci sunansu ba, ta kira su al'ummomin da ba Yahudawa ba kawai. Ƙidayar da Turawan suka yi a 1922 ta nuna mutum kimanin 757,000, Yahudawa wajen 84,000, Kiristoci fiye da 70,000, sauran kusan duk Musulmi. Ka riƙe adadin Kiristocin nan, domin na ga kana rubutu kamar kowane Bafalasɗine Musulmi ne, alhali akwai iyalai a Baitalami da Nazarat da suka rasa gonakinsu kamar kowa.

Shekarun mulkin Ingila na tarzoma ne. A 1929 rikici a kan Bangon Buraƙa, wato bangon yamma na harabar Masallacin Ƙudus inda Yahudawa ke addu'a, ya ci rayuka daga kowane ɓangare, har da Yahudawa 67 da aka kashe a Al-Khalil. Daga 1936 zuwa 1939 Larabawa suka yi bore, suka fara da yajin aiki na wata shida, Turawa suka murƙushe su da ƙarfin da ya bar su babu shugabanni babu makamai a daidai lokacin da za su fi buƙatarsu. Daga baya ƙungiyoyin Yahudawa masu ɗauke da makamai suka juya kan Turawan, har ƙungiyar Irgun ta tarwatsa otal ɗin King David a 1946, mutum 91 suka mutu. Ingila ta gaji, ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya garwashin.

Ranar 29 ga Nuwamba 1947 majalisar ta zartar da ƙuduri mai lamba 181 na raba ƙasar biyu, ƙasashe 33 suka amince, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Mu lokacin muna ƙarƙashin Turawa, ƙasashe huɗu kacal ne daga Afirka a zauren. Yahudawa sun kai kashi ɗaya cikin uku na jama'a, filin da suka saya bai wuce kashi 7 cikin 100 ba, amma aka ware musu kimanin kashi 55. Suka karɓa, Larabawa suka ƙi. Har yau masu kare Isra'ila suna kafa hujja da wannan ƙin, kuma za ka gamu da ita a wurin jawabinka, saboda haka ka yi tunanin amsarka tun yanzu. Ni dai na san abin da kakanka zai ce da an ba shi rabin fadamarsa an ce ya gode.

Yaƙi ya ɓarke tun kafin Turawa su gama tattara kayansu. A Afrilun 1948 aka kashe Larabawa fiye da 100 a ƙauyen Deir Yassin, labarin ya bazu, tsoro ya kori waɗanda bindiga ba ta kora ba. Ranar 14 ga Mayu jagoran Yahudawa David Ben-Gurion ya shelanta kafa Isra'ila, washegari sojojin Masar da Jodan da Siriya da Iraƙi suka shiga, aka kuma ci su. Da aka tsagaita wuta a 1949, Isra'ila tana riƙe da kashi 78 na ƙasar, Jodan ta ɗauki Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus, Masar ta riƙe Zirin Gaza. Falasɗinawa fiye da 700,000 suka zama 'yan gudun hijira, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Wannan ita suke kira Nakba, wato babbar musiba.

A nan nake so ka dakata, domin nan ne cibiyar maganar. Mutum ya gudu daga yaƙi ba sabon abu ba ne a duniya. Ƙura in ta lafa, yakan koma gida. Waɗannan sun kulle ƙofofinsu, sun rataya makullai a wuya, sun naɗe takardun gonakinsu na zamanin Turkawa a cikin tsumma, suna zaton mako biyu za su yi. Ƙuduri mai lamba 194 na Disambar 1948 ya ce a bar su su koma, ba a bar su ba. A 1950 Isra'ila ta yi dokoki biyu: ɗaya ta miƙa dukiyar wanda ba ya nan ga hukuma, ɗaya ta ba kowane Bayahude a duniya damar zuwa ya zama ɗan ƙasa. Ka ga a wannan karon manomin yana da takarda, sai dai takardar ba ta da bindiga. Manyan makullan ƙarfen nan da kake gani tsofaffi suna ɗagawa a sansanonin Labanan da Jodan, na gidajen nan ne. Ka kuma sani, a shekarun da suka biyo baya Yahudawa dubu ɗaruruwa sun bar Iraƙi da Yaman da Masar da Maroko, da yawansu a tilas, sun bar dukiya a baya, kuma jikokinsu babban kaso ne na Isra'ilawan yau.

Yaƙin Yunin 1967 da kunnena na ji shi, ina ɗan shekara goma sha biyu, dattawa sun kewaye rediyo a zauren mai unguwa ana kama Sashen Hausa na BBC. Cikin kwana shida Isra'ila ta kama Sinai da Gaza da Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus da Tuddan Golan. Ban manta yadda limaminmu ya miƙe ya fita ba tare da sallama ba da aka ambaci Masallacin Ƙudus. Daga nan aka fara gina matsugunan 'yan kama-wuri-zauna. Bayan yaƙin 1973 Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila, sai 1992 aka maido da ita.

Boren duwatsu na Intifada ya tashi daga sansanin Jabaliya a Disambar 1987, a lokacin ne kuma aka kafa Hamas. Da jagoran Falasɗinawa Yasir Arafat da firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin suka yi musafaha a Fadar White House ranar 13 ga Satumba 1993, ni kaina na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Yarjejeniyar Oslo da suka ƙulla ta ɗage manyan batutuwa, wato Ƙudus da 'yan gudun hijira da iyaka da matsugunai, sannan ta yanyanka Gaɓar Yamma gida uku, kimanin kashi 60 ya zauna kacokan a hannun Isra'ila. Masu tsattsauran ra'ayi na kowane gefe suka yi wa sulhun rubdugu: wani ɗan kama-wuri-zauna ya harbe masallata 29 a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Al-Khalil cikin azumin 1994, 'yan ƙunar baƙin wake suka riƙa tarwatsa motocin fasinja a biranen Isra'ila, sannan a Nuwambar 1995 wani Bayahude ya harbe Rabin. Yau mazauna matsugunan nan sun haura 700,000 idan aka haɗa da gabashin Ƙudus, kuma manomi yakan nemi izini kafin ya tsallaka katanga ya tsinke zaitunsa.

Sauran a gaban idonka aka yi. Isra'ila ta janye daga cikin Gaza a 2005, Hamas ta ci zaɓen 2006, ta karɓe zirin a 2007, aka rufe mutanen zirin, waɗanda daga baya suka haura miliyan 2, a fili mai murabba'in kilomita 365. Ranar 7 ga Oktoba 2023 aka kashe mutum kimanin 1,200 a Isra'ila, aka yi garkuwa da wajen 250. Luguden wutan da ya biyo baya ya rusa Gaza, har a Yulin 2025 ma'aikatar lafiyar zirin ta ce waɗanda aka kashe sun haura 60,000, cikinsu mata da yara birjik. A Yulin 2024 Kotun Duniya ta bayyana cewa ci gaba da mamayar ya saɓa wa doka.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: an raba Falasɗinawa da ƙasarsu, kuma ana ci gaba da rabawa. Amma ka goge rubutun da ka yi kana murnar kashe fararen hula, domin tun kana allo aka koya maka cewa an hana taɓa mace da yaro da tsoho ko a fagen fama. Ka daina cewa "Yahudawa" a dunƙule idan gwamnatin Isra'ila kake nufi, don akwai Yahudawan da aka ɗaure saboda sun ƙi shiga soja, akwai kuma masana tarihinsu da suka tono takardun 1948 suka tabbatar da korar Falasɗinawa da ake musantawa. Kada ka tura bidiyon da ba ka san inda aka ɗauke shi ba. Kuma fushin Gaza kada ya sauka a kan maƙwabcinka Kirista a ɗakin kwanan ɗalibai.

Idan kana neman abin da za ka buɗe jawabinka da shi, ga wani da ba kowa ya sani ba. A tsohon birnin Ƙudus, daf da ƙofar Masallacin Al-Aƙsa da ake kira Babul Majlis, akwai 'yar unguwa ta jikokin alhazan da suka fito daga Nijeriya da Chadi da Sudan da Senegal, har da Hausawa, waɗanda suka ƙarasa ziyara Ƙudus a zamanin mulkin Ingila, suka yi aure suka zauna. Su ma yau Falasɗinawa ne, da katin shaida irin na maƙwabtansu.

Ka rubuta jawabin a takarda, ka turo mini ta wayar ƙanwarka kafin ranar in duba shekarun. Na ba direban da ya saba zuwa wajenku ƙullin garin kunu da ƙuli-ƙuli daga mahaifiyarka, ka je tasha ranar Talata da yamma ka karɓa. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Wassalam,
Mahaifinka.