Baƙo ya zo Kano, ina muke kai shi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridar nan in yi magana da 'yan'uwana Kanawa, musamman mu 'yan cikin badala, a kan baƙin da ke shigowa garin nan kullum ta Allah da abin da muke nuna musu.

Wanda duk ya taɓa tsayawa a tashar Unguwa Uku ko ta Ƙofar Ruwa da sanyin safiya ya ga yawan jama'ar da ke sauka. Daga Damagaram da Maraɗi, daga Gusau da Jos da Yola, har Chadi da Kamaru. Wannan ya nufi Kantin Kwari sarin atamfa da shadda da leshi, wancan ya nufi Singa don kayan masarufi, wani Dawanau zai auno hatsi da riɗi, wata Ƙofar Wambai za ta haɗo robobi da takalma. Kafin la'asar an ɗaure kaya, an biya ɗan dako, an hau mota. Mutum sai ya shekara goma yana zuwa Kano, bai san komai a cikinta ba sai layin da yake sari da masallacin da yake sallar azahar.

Wanda ya kwana kuwa, mai masaukinsa ne ke da zaɓi, kuma kusan kowa hanya ɗaya yake bi. A shiga a-daidaita-sahu, a tafi babban kantin zamani, a sha sanyin na'ura, a ci shawarma, a ɗauki hoto, a dawo gida. Ban ce haramun ba ne, yara suna jin daɗinsa. Amma irin wannan kanti akwai shi a Abuja, akwai wanda ya fi shi a Legas. Baƙon da ya ji ana yi wa gari kirari da "ko da me ka zo an fi ka" ba don na'urar sanyaya ɗaki aka yi kirarin ba.

Kwanakin baya surukaina suka zo daga Jos haɗa lefe. Da aka gama da Kwari, sai babbar cikinsu, wadda nake kira Gwaggo, ta ce da ni ita tun tana budurwa take jin sunan Kurmi a bakin mahaifinta, amma ba ta taɓa sa ƙafa ba. Washegari na ce kowa ya sa takalmin da zai iya tafiya da shi.

Da gurasa muka fara, a wajen Jakara. Gwaggo ta tsaya tana kallon yadda mai gurasa ke ɗebo kwaɓin fulawa, ta faɗaɗa shi a tafin hannu, ta sunkuya ta manna a jikin tanderu mai zafi ba tare da ta ƙone ba. Da ta gasu sai aka tsoma ta a ruwa, aka jera a faranti, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka kwarara man gyaɗa, aka yanka albasa da tumatir a kai. Bandashe ke nan, abin da ɗan Kano ke ci bai ɗauke shi komai ba. Kuɗin da muka kashe mu duka bai kai na shawarma biyu ba, kuma shi ne abin da suka yi ta ba da labari da suka koma. Haka kilishin Agadasawa, da alkaki da nakiya da dubulan da ake yi wa amare gara da su. Wannan abinci namu ne, amma sai mu riƙa jin nauyin miƙa shi ga baƙo, wai kada a ce ba mu waye ba.

Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Har gobe in ka shiga lungunanta za ka tarar da dukawa da jakunkuna da titimi na jar fata, da masu kayan doki, linzami da sirdi da jalala, da masu tsakiya da murjani, da 'yan littattafai, da masu kanwa da kimba da masoro. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Sunayen unguwanninmu ma shaida ne ga wanda ya iya saurare: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Dandalin Turawa inda Larabawan fatake suka zauna. Baƙi ne suka gina rabin garin nan, shi ya sa nake ganin baƙon yau yana da haƙƙin a zaga da shi.

Inda muka fi daɗewa shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Wani dattijo yana zaune a bakin karofi, hannunsa ya rine har gwiwa. Ya tsoma farin ƙyalle a ruwan baba da toka, ya ɗago, ƙyallen ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a kan idonmu. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, a hankali, ba gaggawa. Ƙaramar jikar Gwaggo ta ce, "Baba, tsafi ne?" Ya yi dariya ya ce, "A'a 'yata, iska ce ke ƙarasa aikin." A gefe kuma ga mabuga, suna sauke sandunan bugu a kan shadda bi da bi, sautin yana tashi daidai ba mai shiga na wani. Wannan kallo ne da ba a biyan kuɗin ƙofa a kansa, kuma babu irinsa a kantin zamani ko wanne ne.

To amma, Edita, a nan ne raina ya ɓaci, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Karofi da yawa sun mutu, an cika su da leda da shara. A duk yawon da muka yi, mata ba su sami banɗaki mai tsabta da za su shiga ba, sai da na roƙi wani gida. Warin kwatar Jakara ya sa kowa ya toshe hanci. Da muka hau Dala, inda garin ya samo asali tun zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda a 999, ga Kano shimfiɗe a ƙasa, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, amma babu wanda zai yi wa baƙo bayani na gaskiya. Samari ne ke bin ka, kowa da irin tarihin da ya ƙaga, a ƙarshe a miƙo hannu. Ban ga laifinsu ba, ba wanda ya koya musu.

Badala kuwa ba a magana. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun wajen 1095, Rumfa ya faɗaɗa, yau in ka bi titi daga Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya sai ka yi ta nuna wa baƙo da yatsa kana cewa "da a nan take." Wani ya ɗebi ƙasarta ya yi yaɓe, wani ya yanka fili, wani ya mai da ita juji. Kududdufan da ke gefenta, waɗanda daga cikinsu aka haƙo ƙasar ginin, kuma su ke shanye ruwan damina, an cike su an yi shaguna. Sannan ruwa ya shiga gidaje mu ce ƙaddara. Ba gwamnati kaɗai ta yi wannan ba, da hannunmu a ciki, mu mazauna unguwannin.

Gidan Makama ya ɗan sanyaya mini zuciya, don a can baƙina suka ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da hotunan dalar gyaɗa, suka tsaya a ƙarƙashin bakan gizo na ginin ƙasa suna mamakin sanyin ɗakin. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Tambayi ɗalibin sakandare a garin nan ko ya taɓa shiga ɗaya daga cikinsu. Wanda bai gani ba, me zai nuna wa wani?

Ta fuskar nishaɗi ma ba mu rasa ba. Ga dambe a Sabon Gari, ga ƙwallo a filin Ƙofar Mata ranar da ƙungiyar Kano Pillars ke wasa a gida, ga Gidan Zoo na yara. Uwa uba hawan Sallah, Daushe da Nassarawa, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024. Abin takaici, a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda rikicin sarauta. Masu ɗinkin kayan doki da masu otal da masu sai da ruwa da zoɓo su suka san abin da suka rasa. Ina roƙon manyanmu, don girman Allah, a sasanta.

Abin da nake nema ba gada ba ce, ba kuma aikin biliyoyi ba. Shugabannin kasuwar Kurmi da na marina za su iya haɗa kai da masu unguwanni a gina banɗaki, a sa mai kula da shi, kowa ya biya ɗan abin da ya sauƙaƙa. A kafa alluna da Hausa, boko da ajami, a bakin kowace ƙofa, a rubuta sunanta da wanda ya gina ta. Samarin da ke gindin Dala a zaɓo masu hankali, malaman tarihi na jami'o'inmu su koyar da su, a ba su riga da katin shaida, a yanka kuɗin rakiya sananne, su ma su sami sana'a. Hukumomin da abin ya shafa kuma su tsayar da rabon filin badala, ko ɗan abin da ya rage ya tsira.

Kai ma, Edita, kana da rawar takawa. Kafin Sallah mai zuwa ka ware shafi guda, ka buga taswirar cikin gari mai sauƙi, da wuraren nan, da lokacin buɗewarsu, da layin a-daidaita-sahun da ke kai mutum kowanne. Direbobin tasha da masu masauki za su yanke shi su ajiye, ni ma zan manna ɗaya a zaurenmu.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
Ƙofar Mazugal, Kano